Shekara Takwas a Ingila, Fansho a Kano: Yadda Wata Nas Ta Cike Giɓin Zubinta

## Asalin lamarin, 2003 zuwa 2022

Matar da wannan nazari ya shafa nas ce, haifaffiyar 1969. A Kano ta yi karatun jinya, ta yi 'yan shekaru a asibitin gwamnati, sannan ta tafi Ingila a 2003, lokacin da hukumar lafiya ta NHS ke ɗibar ma'aikatan jinya daga ƙasashen waje. Ta yi aiki a wani asibiti a yankin Manchester har ƙarshen Maris 2011, ta tattaro nata ya nata ta dawo gida, saboda mahaifiyarta ta fara manyanta, maigidan kuma ya fi son yara su tashi a cikin dangi. Ba ta karɓi fasfon Birtaniya ba. Izinin zama na dindindin da take da shi ma ya faɗi da kansa bayan ta wuce shekara biyu ba ta ƙasar.

Duk wata, a tsawon zamanta can, ana cire mata kuɗin inshorar ƙasa daga albashi, abin da ma'aikata ke kira NI. Da wannan zubi ake gina fanshon gwamnati. Shekarar harajin Birtaniya tana farawa ne 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun gaba, kuma kowace shekarar da zubin mutum ya cika ana rubuta masa ita a matsayin cikakkiya. A sabon tsarin da ya fara aiki 6 ga Afrilu 2016, sai mutum ya tara cikakkun shekaru 10 kafin a ba shi komai, cikakken fansho kuma yana neman 35. Ita tana da takwas, daga 2003/04 zuwa 2010/11. Biyu kacal suka rage mata, amma rashin biyun nan yana nufin ko sisi ba za ta gani ba idan ta cika 67 a 2036.

Da ta dawo ba ta zauna ba. Daga Afrilu 2011 zuwa Maris 2014 tana aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Kano. Ta ajiye aikin don jinyar mahaifiyarta, har Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa a farkon 2016. A Afrilun shekarar ta kama aiki a wani asibitin haihuwa, inda take har yanzu. Batun fanshon Ingila kuwa ta daɗe da cire shi a ranta, tana ganin wanda ya bar ƙasar ya bar haƙƙinsa a can.

## Labari ya iso, Fabrairu zuwa Yuni 2023

A zauren WhatsApp na tsofaffin abokan aiki ta fara jin cewa wanda ke zaune a waje yana iya biyan zubi na ganin dama ya cike shekarun da babu komai a cikinsu. Ba a tambayar fasfo. Sharaɗin a lokacin shi ne mutum ya taɓa zama a Birtaniya shekara uku a jere, ko ya yi zubin shekara uku. A ƙa'ida shekara shida kawai ake iya komawa baya, amma saboda sauyin tsarin 2016 gwamnati ta buɗe wata ƙofa ta musamman da ke ba da damar komawa har Afrilu 2006. Wa'adin rufe ƙofar shi ne 5 ga Afrilu 2023. A watan Maris aka ɗaga shi zuwa 31 ga Yuli, a watan Yuni kuma aka sake ɗaga shi zuwa 5 ga Afrilu 2025.

Kafin ɗagin farko hankalin kowa a zauren ya tashi. Wani mutum da aka turo lambarsa ya yi tayin zai yi mata komai idan ta biya shi lada da fam, ta kuma tura masa hoton takardunta. Ta ƙi, don ba ta san shi ba, fom ɗin kuma kyauta hukuma ke ba da shi.

Ta gwada buɗe asusun Government Gateway don ta ga bayanan zubinta ta intanet. Ta tsaya a matakin tantancewa, inda ake neman shaidu irin fasfon Birtaniya ko lasisin tuƙi na can ko takardar albashi ta kwanan nan, ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Lambarta ta NI ma ta manta. An kwana biyu ana nema kafin a same ta a jikin wata tsohuwar takardar P60, wato takardar jimillar albashi da haraji ta ƙarshen shekara, a ƙasan akwatin da take ajiye rigunan sanyin da ba ta ƙara sawa ba tun dawowarta. Takardar ta yi ja a wajen ninki, amma lambar tana nan: harufa biyu, alƙaluma shida, harafi ɗaya.

A watan Yuni ta cike fom ɗin CF83, wanda mazauna waje ke neman izinin zubi da shi daga hukumar haraji ta HMRC, ta aika ta kamfanin kai saƙo. Fom ɗin yana tambayar ajin da mutum ke so ya biya. Aji biyu ne. Aji na 2 kuɗinsa fam 3.15 a mako a farashin 2022/23, wato fam 163.80 a shekara. Aji na 3 fam 15.85 a mako, wato fam 824.20. Shekarar da kowannensu ke sayo wa mutum ɗaya ce, ba ta fi ba, ba ta gaza ba. Wata abokiyar aikinta ta tabbatar mata cewa Aji na 2 na masu sana'ar kansu ne kawai. Ga mazauna cikin Birtaniya maganar tana da tushe. Ga mazauna waje a lokacin ba haka dokar take ba: duk wanda yake aiki a Birtaniya dab da tafiyarsa, kuma yake aiki a ƙasar da ya koma, ko a ƙarƙashin wani ko da kansa, yana iya biyan Aji na 2. Ta zaɓi Aji na 3, gurbin da ake bayyana aikin da mutum ke yi a waje kuma ta bar shi fayau, a zatonta aikin Kano bai shafi Turawa ba.

## Wasiƙar farko, farkon 2024

Amsa ta zo ta akwatin gidan waya a farkon 2024. An amince mata, an jera shekaru 12 daga 2011/12 zuwa 2022/23, kowace da kuɗinta a Aji na 3. Jimilla ta doshi fam 10,000.

A watan da ta aika fom ɗin ne Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Fam ɗin da ake samu ƙasa da naira 1,000 a kasuwar canji ta Wapa a farkon 2023 ya kai wajen 1,900 zuwa 2,000 lokacin da wasiƙar ta iso. Lissafin ya tashi kusan naira miliyan 19. Ta duba yiwuwar sayen shekara biyu kawai don ta haura goma, wato fam 1,648.40, shi ma ya fi ƙarfin aljihunta a shekarar da kuɗin makarantar yara ya ninka. Ta linke wasiƙar ta mayar cikin akwati, wata huɗu ba ta sake ɗaga maganar ba.

## Ƙiyasi, muhawarar gida da fom na biyu, Yuni zuwa Satumba 2024

'Yar ƙaninta da ke aiki a Leicester ce ta farfaɗo da zancen da ta zo hutu. Ta karanta wasiƙar, ta karanta ɗan littafin jagora na NI38 a wayarta, ta ce, "Gwaggo, ai ke 'yar Aji na 2 ce, ba ki dai gaya musu kina aiki ba ne." Ita ce kuma ta nuna mata cewa an fara daga tsakiya. Kamata ya yi tun farko a nemi ƙiyasin fansho daga ma'aikatar ayyuka da fansho ta DWP, a san abin da kowace shekara za ta ƙara, kafin a je maganar biya. Tunda ƙofar intanet a rufe take, suka cike fom ɗin BR19 na takarda, suka kuma buga waya sashen da ke kula da waɗanda ba su kai shekarun fansho ba.

Abu biyu suka fito daga nan waɗanda babu wanda ya ambata a zauren WhatsApp.

Na farko, ma'aikatan da ke cikin tsarin fanshon NHS kafin 2016 ana cire musu NI a ƙaramin farashi ne, saboda fanshon wurin aikinsu ya maye gurbin ƙarin fanshon gwamnati. Wannan ya sa ba a lissafa shekarunta na kafin 2016 da sauƙin raba cikakken fansho gida 35. Ana auna su a tsohon tsari da sabo, a ɗauki wanda ya fi yawa. A wajenta tsohon tsari ne ya rinjaya, kuma a cikinsa shekara ɗaya ba ta kai darajar shekarar bayan 2016 ba. Kowace shekara daga 2016/17 tana ƙara kashi ɗaya cikin 35 na cikakken fansho, wanda a 2024/25 yake fam 221.20 a mako, wato ƙarin fam 6.32 a mako. Na kafin 2016 sun ɗan gaza haka. Fanshonta na NHS kuwa daban yake, yana nan a ajiye, wannan lamari bai taɓa shi ba.

Na biyu ya fi tayar da ƙura a gida. Birtaniya tana ƙara kuɗin fansho kowane Afrilu: daga fam 203.85 a 2023/24 ya koma 221.20, daga baya ya koma 230.25 a 2025/26. Amma ƙarin yana bin mai fansho ne kawai idan yana zaune a Birtaniya, ko ƙasashen yankin tattalin arzikin Turai da Suwizalan, ko ƙasar da ke da yarjejeniyar ƙari da Birtaniya, irin su Amurka, Jamaika, Filifin da Turkiyya. Najeriya ba ta ciki, haka Ghana, Afirka ta Kudu, Kanada da Ostareliya. Kafin mutum ya fara karɓa, haƙƙinsa yana tashi tare da na kowa. Ranar da ya karɓi biyan farko yana zaune a Kano, a nan adadin zai daskare, abin da aka ba shi yana da shekara 67 shi za a ba shi yana da 85.

Maigidan bai yarda a sa kuɗi ba. Hujjarsa ita ce ba a san gawar fari ba, shekara 12 kuma ba kwana 12 ba ce. Wannan zubi ba kamar adashi ba ne da idan mai zubi ya rasu kafin kwasarsa magada za su bi kuɗinsu. Wanda ya rasu kafin shekarun fansho, abin da ya zuba ya tafi, sabon tsarin kuma bai bar wa miji ko mata wani abin kirki na gado ba. A ganinsa gara fili a bayan gari, ko ba komai yara za su gada. Ita kuma ta tsaya a kan cewa ko daskararre ne, da fam ake lissafa shi, kuma kowa ya ga abin da ya sami masu ajiyar naira a cikin shekara guda. Suka tsaya a kan matsaya ɗaya: idan an ba ta Aji na 2 za a biya, idan Aji na 3 ne a bar maganar.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne tattara shaidar aiki. Asibitin da take yanzu ya ba ta wasiƙa a kan takarda mai tambarinsa cikin kwana kaɗan. Na farkon kuwa ya canja hannu, sabbin masu shi ba su san ta ba. A ƙarshe tsohon akawun asibitin ne ya binciko fayil ɗinta a cikin sito, aka samu takardar ɗaukarta aiki ta Afrilu 2011 da ta ajiye aiki ta Maris 2014. Ta haɗa da bayanan banki da ke nuna shigar albashi. A watan Satumba ta aika sabon CF83, ta zaɓi Aji na 2, ta haɗa da wasiƙa mai shafi ɗaya da ke jera ranar da ta bar aiki a Ingila, ranar da ta bar ƙasar, da kowane aiki na Kano da ranar farawa da ta gamawa. Shekara biyun jinya ma ta rubuta su yadda suke, cewa ba ta aiki.

## Biya, Janairu zuwa Maris 2025

Wasiƙa ta biyu ta zo a Janairu 2025. Shekaru 11 sun koma Aji na 2: uku na 2011/12 zuwa 2013/14, da takwas na 2016/17 zuwa 2023/24. Mafi yawansu fam 163.80 kowace, ta ƙarshen fam 179.40, jimilla kimanin fam 1,800, wajen naira miliyan uku da rabi. Shekarun jinya biyu, 2014/15 da 2015/16, sun tsaya a Aji na 3, kuɗinsu ya kusan kai na sauran 11 ɗin a haɗe. Aka bar su.

Saura hanyar aika kuɗin. Katin nairarta ba ya biya a waje a lokacin, don bankuna sun dakatar da hakan. Ta sayi fam ta zuba a asusunta na kuɗin waje, ta fara gwaji da shekara ɗaya. Hukumar ta bayyana yadda mai biya daga waje zai rubuta shaidar biya: lambar NI, sai harufan IC, sai sunan ƙarshe, sai harafin farko na sunan mutum. A nan sunan Bahaushiya ya kawo cikas. A Ingila sunan mahaifinta ne sunanta na ƙarshe, kamar yadda yake a fasfo. A asusun bankin kuwa sunan maigida ne a matsayin sunanta na ƙarshe. Ma'aikacin bankin da ya shigar da bayanan ya ga saɓani tsakanin fom da asusu, ya gyara da kyakkyawar niyya, ya sa sunan da ke kan asusun. Ban da haka, bankin da kuɗin ya ratsa ta cikinsa a hanya ya cire ladansa daga uwar kuɗin.

Da suka buga waya a ƙarshen Fabrairu, an ga kuɗin bayan an bi shi da ranar aikawa da adadi, amma bai cika ba. Shekarar da ta gaza ko da kuɗin mako ɗaya ba a ƙirga ta, tana nan a matsayin giɓi. Wa'adin 5 ga Afrilu kuma saura mako biyar.

'Yar ƙanin nata ce ta biya daga asusunta na Birtaniya a tsakiyar Maris, cikon shekarar farko da sauran goman, da shaidar biya harafi da harafi yadda hukuma ta tsara. Gwaggon ta kai wa mahaifiyar yarinyar kwatankwacin kuɗin da naira a Kano a farashin ranar. Suka bi biyan da wasiƙa da ke faɗin shekarun da kuɗin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, suka ajiye rasit.

## Inda aka tsaya, ƙarshen 2025

Bayanan zubin da ta nema a watan Agusta sun nuna cikakkun shekaru 19. Ta biya 2024/25 a kan fam 179.40, suka zama 20. Ta 2025/26 kuɗinta fam 182, da ita za su zama 21. Wanda ya yi lissafin kai tsaye zai ce 21 cikin 35 na fam 230.25, wato fam 138 a mako. Saboda batun NHS, abin da zai zo mata ya fi kusa da fam 130.

Ranar 26 ga Nuwamba 2025 ministar kuɗin Birtaniya, Rachel Reeves, ta gabatar da kasafin da ya soke Aji na 2 ga mazauna waje daga 6 ga Afrilu 2026, ya kuma ɗaga sharaɗin sabbin masu nema daga shekara uku zuwa goma. Canjin ya shafi lokutan da ke bayan wannan rana ne. Shekaru goman da suka rage mata kafin 2036 sai dai a Aji na 3, wanda a farashin 2025/26 yake fam 17.75 a mako, fam 923 a shekara. Ta yanke cewa ba za ta ci bashi ko ta sayar da kadara don su ba.

## Hukunci

Abin da ya raba fam 10,000 da fam 1,800 gurbi ɗaya ne a jikin fom, da takardu uku ko huɗu na aikin Kano. Hukumar ta amsa tambayar da aka yi mata ne duka sau biyun. A fom na farko ta ga matar da ba ta aiki a waje, ta ba ta farashin marasa aiki. Wannan kuskure ya ci shekara ɗaya da rabi, kuma ba don an ɗaga wa'adi har sau biyu ba, da ba ta sami damar gyara shi ba. Sa'a ta taka rawa a nan fiye da dabara. Haka nan neman ƙiyasi a ƙarshe maimakon a farko ya sa ta yi wata huɗu tana jimamin adadin da bai shafe ta ba.

A kan muhawarar gida, a farashin Aji na 2 ita ke da gaskiya, nesa ba kusa ba. Duk abin da za ta kashe a shekaru 13 bai kai fam 2,200 ba, fanshon wata huɗu zai mayar da shi, domin biyan ya kuma raya shekaru takwas na asali da suke kwance ba amfani. Daskarewar fansho asara ce ta gaske ga wanda Allah ya ja wa kwana, amma ba ta isa ta rushe lissafi irin wannan ba. Hujjar maigidan ta fi nauyi yanzu da magana ta koma Aji na 3. A farashin 2025/26, fam 923 yana sayo ƙarin fam 6.58 a mako, kimanin fam 342 a shekara, sai ta doshi 70 kafin kuɗin kowace shekara ya dawo, kuma daga albashin naira za a fitar da shi. Cinikin bai lalace ba, amma ya zama na mai rara.

Inda nake ganin an yi gaggawa shi ne shekarun jinya biyu. An auna su da farashin Aji na 2 aka ga sun yi tsada, alhali abin da ya kamata a auna su da shi shi ne abin da za su dawo da shi: kowace za ta ƙara kusan fam 300 a shekara, a kan fam 824.20, ƙasa da abin da za ta biya yanzu don kowace sabuwar shekara. Matsayar da aka ɗauka a gida tun watan Yuni, kafin a ga wasiƙa ta biyu, ita ta hana a sake duba su. Tun 6 ga Afrilu 2025 dokar shekara shida ta dawo, 2014/15 da 2015/16 kuma ba sa cikin abin da za a iya saya.